Gishiri a Rijiyar Tenikora

Nei Tekua ce ta fara ganewa. Ranar Laraba da safe ta tari ruwa a famfon tankin gari, ta dafa shayi, ta kurɓa, ta tofar. Sai da ta gama yi wa mijinta faɗa cewa ya haɗa mata gwangwanin sukari da na gishiri, sannan ta ji maƙwabciyarta ma tana tofarwa.

Kafin rana ta hau kan itatuwan kwakwa, mutanen Tenikora sun cika gindin tanki, kowa yana ɗanɗanawa yana yamutsa fuska. Wata bakwai ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba a tsibirin. Ƙananan rijiyoyin gidaje sun koma zartsi tun da teku ta yi tumbatsa a watan Fabrairu. Babbar rijiyar tsakiyar tsibiri kaɗai ta rage, wadda injin hasken rana yake jawo ruwanta zuwa tanki, kuma ita ke shayar da mutum ɗari huɗu.

Aka je aka tarar da murfin rijiyar a karkace. Nan take aka tuna an ga Naunta mai yankan bammi a wurin jiya da asuba, da bokiti biyu. Aka kuma tuna filin rijiyar na mahaifinsa Tebano ne, dattawa suka keɓe shi shekara shida da suka wuce, suka hana kiwon alade a ciki. Ranar da aka yi haka Naunta ya sha ya yi tatul, ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce wata rana sai duk garin ya sha teku.

Dattawa suka zauna a maneaba, babban zauren gari. Zaman bai yi tsawo ba. Ranar Asabar jirgin ruwan Tarawa, babban birnin ƙasar, zai zo, Naunta zai shige shi da tabarmarsa, kuma ba zai sake taka Tenikora ba.

Uriam, babban dattijon, shi ya ɗaga hannu. "Ku kira mini Aroita tukuna. Ba na korar mutum daga ƙasar ubansa ban ji abin da yashi ya ce ba."

Nei Aroita, kamar yadda ake kiranta don girmamawa, ta kai shekara hamsin, siririya ce, ba ta da yawan magana. Ita ake nema idan alade ya tsinke igiya, ko idan ana so a san inda kififiya ta binne ƙwai. A garin da kusan kowa ke yawo ba takalmi, ta san ƙafar kowa fiye da fuskarsa. Ta saurari Uriam har ya gama, ta ce ya ba ta zuwa Juma'a da yamma.

*

Bakin rijiyar ba ya karantuwa, don rabin gari ya tattake shi. Sai ta ja da baya, ta yi kewaye mai faɗi har ta samu sawun da take nema a gefen kudu: ƙafa mai faɗi, babban yatsa a buɗe irin na mai hawan kwakwa. Ta bi shi zuwa rijiya, ta bi shi komawa. Sau biyu ta tsuguna ta sa yatsa a ramin dunduniya. Ta miƙe tana murmushi.

Ta sami Naunta a saman itacensa, yana yanka yana rera waƙa kamar ba shi za a kora ba.

"Sauko, biri."

"Ah, Nei Aroita! An aiko ki ki shinshina ni? Hau ki same ni."

"In na hau, ɗayanmu zai sauko da ka, kuma ba ni ba ce."

Ya sauko da ƙwaryar kwakwa rataye a kafaɗa. Da ya zo kusa ta ga idanunsa sun yi ja, kuma ba na sha ba ne. Ya nuna mata wuƙar hannunsa, tsohuwa mai karyayyen baki.

"Dubi da me nake aiki. Sabuwar da ƙanena ya aiko mini daga jirgi, kwana biyu ta yi a hannuna aka zo mini da bubuti. Duk garin nan ba wanda bai ci nawa ba, yau ni ne mugu."

Bubuti shi ne roƙon da ba a ƙi. Wanda aka yi wa shi, ko kwalekwalensa aka nema sai ya miƙa, ya jira ranar da shi ma zai roƙa. Wanda ya ƙi kuwa, har jikokinsa sai an goranta musu.

"Bar maganar wuƙa," in ji ta. "Bokiti nawa ka sata?"

Ta nuna ƙafafunsa.

"Ka tafi da bokitai ba komai a ciki, sawunka ko farce bai nutse ba. Ka dawo dunduniyarka tana shiga yashi, tafiyarka gajera, ruwa yana zuba ta hannun dama. Wanda ya je zuba teku a rijiya, da nauyi yake tafiya, ya dawo sakayau."

"Biyu ne," ya ce a hankali. "Uwar aladuna ta haihu, tana haki. Ruwan gida ta ƙi sha. Ai filin babana ne, Aroita."

"Me ya hana ka gaya wa dattawa?"

"In ce na buɗe rijiyar na sata? Wa zai ji rabin maganar ya bar rabi?" Ya kalli ƙasa. "Mahaifiyata tana kwance a bayan ɗakin can. In na tafi Tarawa wa zai share kabarinta?"

"Je ka ba aladenka abinci. Kada ka ɗaure kaya."

A hanyarta ta komawa Nei Tekua ta tare ta da sabon labari: mutanen ƙauyen arewa ne, da aka kayar a gasar rawa, suka zo a kan babur da buhun gishiri. Aroita ta je ta duba sawun babur ɗin. Tayar baya mai faci uku ce, ta malamin coci, kuma bai ko tsaya ba.

*

Kautu, mai kula da injin, yana zaune a inuwar allunan hasken rana, makullin akwatin injin rataye a wuyansa. Shi aka tura Tarawa ya koyo aikin, kuma shi kaɗai ke sa silifas a garin. Matarsa 'yar Baiteke ce, wan mahaifiyar Aroita.

"Ina zuwa, Yaya?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Nan na zo. Ba ni kwalba da igiya."

Ta ɗebo ruwan sama-sama ta kurɓa. Sannan ta ɗaura wa kwalbar dutse, ta toshe bakinta da ɓawon kwakwa mai zare, ta sake ta har ƙasa kafin ta fizge toshiyar. Wannan da ta kurɓa sai da ta tofar.

"Kautu, tuna mini abin da ka gaya mana a maneaba da ka dawo daga karatu."

Ya faɗa kamar mai karanta allo. Ruwan daɗi yana kwance ne a kan na teku a ƙarƙashin tsibirin, kamar man kwakwa a kan romon kifi. In aka ɗiba a hankali, sai a yi ta sha. In aka zuƙa da ƙarfi, na gishirin ya taso daga ƙasa. Shi ya sa awa biyu kawai ake kunna injin kowace safiya.

"To wannan gishirin daga sama ya zo ko daga ƙasa?"

Kautu ya kau da kai.

"Bokiti biyu za su iya ɓata rijiyar da ke shayar da mutum ɗari huɗu?"

Ya girgiza kai.

"Na'urar awonka ba ta nuna maka komai ba tun kafin ruwan ya ɓaci?"

Ya kama makullin wuyansa ya riƙe. "Ban ba kowa makullin nan ba, Yaya. Ko sau ɗaya bai bar wuyana ba."

"Ba shi na tambaya ba."

"Fari ne. Fari yana iya yin haka."

"To tashi ka gaya wa dattawa fari ne, kafin su sa mutum a jirgi."

Bai tashi ba. Ta lura bai taɓa abincin da matarsa ta kawo masa ba, ƙudaje sun baibaye kifin. Ta bar shi a nan. In an zuƙi ruwa fiye da ƙima, to ruwan ya tafi wani wuri, kuma tankin gari bai taɓa ambaliya ba.

*

Ranar Alhamis da rana tsaka ta shiga kurmin da ke bayan injin ta gefen gabas, inda ba hanya. Komai ya bushe. Ciyawa ta koma ruwan toka, tana karyewa a ƙarƙashin ƙafa. Ba ta yi nisa ba ta ga an ja reshen kwakwa a kan yashi, an share. Ta tsaya tana kallo. Mace tana share tsakar gida, tana share kabari, amma ba wadda ke share daji.

Mai sharar ya yi aikinsa da kyau, yana tafiya da baya yana goge sawunsa. Taku ashirin ta yi ba ta samu komai ba. Sai ga wani abu a gindin busasshen ganye, wanda tsintsiya ba ta iya sharewa: ɗan tsiron ciyawa, kore shar, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Ta tsuguna ta tona da yatsa. Da sauran danshi a ƙasa. Kusa da shi ga guntun robar tayar keke, irin wadda ake ɗaure mahaɗar tiyo da ita.

Ta ƙirga taku goma sha biyar, ga wani koren. Ta ƙara goma sha biyar, ga wani. Suna jere a miƙe cikin toka-tokan kurmin, duk inda tiyo ya haɗu da tiyo ya yi ɗigo. Ciyawa ba ta tsiro ta kai haka a kwana biyu ko uku. Wannan ta sha ruwa sati uku ko fiye.

A na goma sha ɗaya ta samu sawun silifas guda, a tsakanin saiwoyi inda reshe bai shiga ba. A na goma sha huɗu ta tsaya, don an ɗaure ganyen kwakwa a jikin itace, alamar kada a wuce. Bayan wannan ramukan gwaza ne, manyan nan da ake kira babai, da ake nomawa a cikin ruwan ƙasa. Kowane gida da sirrin takinsa, kuma ba a leƙa ramin wani, ko da ɗan'uwa ne. A gindin itacen akwai sawun tsoho mai jan ƙafar hagu, da ramukan sanda a gefensa.

Ta daɗe a tsaye. Mai wannan sawun shi ya fara nuna mata bambancin tafiyar kaguwa da ta ɓera, tana 'yar shekara bakwai. Ta cire tsiro ɗaya da ƙasarsa, ta sa a ɓawon kwakwa, ta koma gida.

*

Juma'a da yamma maneaba ta cika, kowane gida a mazauninsa. Naunta yana can gefe shi kaɗai. Kautu yana bayan surukinsa, kansa a ƙasa. Baiteke kuwa yana zaune a sahun dattawa da sandarsa a kan cinya, hankalinsa kwance. Kowa ya san yana da gwaza mai shekara tara, wadda zai fitar ranar bikin sabon rufin maneaba, kuma ba a taɓa kayar da gidansa ba a girman gwaza.

Da Uriam ya ba ta izini, Aroita ta fito a sunkuye, ta ajiye ɓawon kwakwar a tsakiyar tabarma.

"Naunta ya buɗe rijiya," ta ce. "Ya saci bokiti biyu ya ba aladensa. Ku ci shi tarar wannan. Amma bai zuba komai ba."

"Wa ya ce?" in ji wani daga baya.

"Dunduniyarsa. Ta fi bakinsa gaskiya."

Aka yi 'yar dariya. Ta nuna ciyawar, ta faɗi inda ta same ta, da yadda suke jere, da inda suka nufa. Ba ta ambaci suna ba. Nan hayaniya ta tashi, don ramuka goma sha biyu ne a wannan gefen, kuma kowane mai rami ya fara rantsuwa.

"Wane ramin?" in ji Uriam.

"Ban wuce alama ba, Baba. Ba a leƙa ramin wani."

"To mun tsaya ke nan."

Ta juya ta fuskanci Baiteke, ta durƙusa sosai.

"Kawu, bubuti nake yi maka. Ka bar dattawa su ɗanɗani ruwan raminka."

Ba wanda ya taɓa jin an yi irin wannan roƙon. Baiteke ya kalle ta.

"Ni kika zaɓa, 'yar ƙanwata? A gaban mutane?"

"Eh, kai, Kawu."

Ya dogara sanda ya miƙe. "Ba a taɓa roƙon gidanmu an koma hannu wofi ba. Ku taso."

Aka bi shi a jere, maza da mata. Ramukan da suka wuce duk ganyensu ya yi rawaya ya lanƙwashe. Na Baiteke kuwa ganyensa ya fi tsayin mutum biyu, kore har yana sheƙi. Uriam ya sauka da ƙyar, ya kamfaci ruwan ya kurɓa. Mai ramin da ke kusa ya ce a ɗanɗani nasa ma. Uriam ya kurɓi wancan ya tofar. Na Baiteke kuwa ya haɗiye shi.

"Eh, na ɗebi ruwa," in ji Baiteke da ƙarfi. "Teku ta shigar mini rami, gwazata tana mutuwa, na roƙi surukina ya ba ni. Ku ci ni tarar karya doka. Amma ruwa na ɗiba, ba gishiri na zuba ba. Me ya haɗa wannan da aika-aikar wancan mashayin?"

Aroita ta ga da gaske yake. Har yanzu bai gane ba. Ta juya ta kalli Kautu.

"Baba," in ji Kautu, "Naunta bai yi komai ba. Mu ne. Awa biyu aka ce. Mun yi shida-shida, kwana ashirin da uku, da rana tsaka lokacin da mutane ke hutawa. Tun kwana na biyar na'ura ta fara hawa. Na gaya maka."

"Ka gaya mini ƙarfe ya yi magana! Kakannina sun sha ƙasar nan ba ta ƙare ba."

"Da ƙwarya suka ɗiba, Baba, ba da inji ba. Mu muka jawo teku da hannunmu. Na so in ce a'a, ka ce bubuti ne." Ya share fuska. "Ranar Laraba ni na naɗe tiyon na share sawu. Na ji ana yanke wa Naunta hukunci, na yi shiru."

Baiteke ya kalli gwazarsa, ya kalli Uriam, ya kalli Naunta da ke tsaye a ƙarshen layi. Ya zauna a bakin ramin.

A nan Uriam ya yanke magana, ba a ko koma maneaba ba. Naunta yana nan a ƙasar ubansa. Injin zai yi rabin awa kawai a rana, ruwan sha da na girki, har a samu ruwan sama. Wanka da wanki a teku. Kautu ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a ƙasa, ya ce ba zai sake ɗauka ba. Uriam ya tambayi wa zai karɓa. Kowa ya kau da kai, don kowa yana da suruki.

"Aroita," in ji Baiteke daga inda yake zaune. "Kin roƙe ni na ba ki. Yanzu nawa. Bubuti: ɗauki makullin nan."

Ta sunkuya ta ɗauka.

*

Jirgin Tarawa ya zo ranar Asabar, ya sauke shinkafa, ya ɗauki busasshiyar kwakwa, ya tafi ba Naunta. Kautu ya koya wa Aroita karanta na'ura. A kwana na tara lambar ta daina hawa. A na goma sha biyu ta sauka kaɗan, kuma Aroita ta gaya wa Uriam rijiyar za ta tashi in aka ci gaba da haƙuri.

Washegari tana rufe akwatin injin ta ji ƙarar sanda a bayanta. Baiteke ne, riƙe da wani faffaɗan ganye da gefensa ya fara rawaya. Ya tsaya yana kallon makullin a wuyanta.

"Kwana goma sha tara suka rage a yi biki," ya ce. "Awa ɗaya kawai za ta riƙe ta. Aroita, ina so in..."

"Kawu, kada ka faɗa. In ka faɗa zan ce a'a, kuma ba na so a ce a kanka na fara."

Ya yi ta juya ganyen a hannunsa. Daga baya ya jefar da shi.

"Bakin mahaifiyarki gare ki," ya ce. "To ɗauko adda. Gara a haƙe ta yau kafin ta ruɓe a ƙasa."

Sai da maza huɗu suka kama kafin a fitar da ita daga ramin. Baiteke ya sa aka sare ta gida-gida a kan ganyen ayaba, ya zaɓi tsakiyar, inda ta fi kauri, ya ce a ɗora masa a kafaɗa. Kautu ya miƙa hannu zai karɓa, ya buge hannun.

Aroita ta bi shi a baya har ƙarshen gari. Naunta yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana wasa tsohuwar wuƙarsa a dutse. Da ya ga mai zuwa da abin da ke kafaɗarsa, sai ya miƙe tsaye.

"Tsoho, wannan ai ta biki ce."

"Rufe baki ka karɓa, ɗan Tebano," in ji Baiteke yana haki. "Nauyi gare ta."